Ƙararrawar gas da na saya a Opera Square: tana aiki, amma da an ɗauke wuta sai ta yi shiru

Salam 'yan uwa. Maganar ƙararrawar gas ɗin nan da ake ta talla yanzu, wadda ake sokawa a soket ta riƙa ihu in silinda na yoyo, mata da yawa a nan Nima da Maamobi cikin Accra sun tambaye ni ko ta ci kuɗinta tunda sun ganta a barandarmu. Amsata ita ce eh tana jin gas, kuma ihunta ba na wasa bane, amma irin wadda na saya ba ta da batir, wutar soket kaɗai take ci, kuma wannan rashin batir ɗin ba ƙaramin abu bane a garin da muke zaune. Dan Allah ku karanta har ƙasa kafin ku miƙa kuɗinku.

Shagon yana cikin layukan masu kayan wuta na Opera Square, can cikin gari kusa da Makola, ƙaramin shago ne da in ba a nuna maka ba za ka wuce shi, gabansa tiyo na gas ne a nannaɗe da regileta da jajayen tukwanen kashe gobara, ciki kuma waya da breka da soket. Mai shagon dattijo ne ɗan zango, Hausa muka yi da shi daga farko har ƙarshe, kuma abun da ya fara burge ni shi ne bai miƙo min kaya kawai ya ce kawo kuɗi ba. Sai da ya tambaye ni, Hajiya a ina kike girki, kicin ne ko baranda ko cikin ɗaki, silindarki ƙarama ce mai kilo 6 ko babba mai 14.5, soket ɗinki a sama yake ko a ƙasa. Na ce Alhaji ina ruwan soket da wannan magana, ya ce ai nan maganar take gaba ɗaya.

Ga bayanin da ya min, kuma duk mai silinda a gida ya kamata ya san shi ko da bai sayi komai ba. Gas ɗin da muke girki da shi ya fi iska nauyi, in ya fita ba sama yake tashi ba, gangarawa yake ya kwanta a ƙasa, ya shige ƙarƙashin gado da kabad da bakin kwata, ya taru a wurin da hancin mutumin da ke tsaye ba zai fara ji ba. Shi yasa ƙararrawar dole a maƙala ta ƙasa, kaman santimita 30 daga siminti, kuma ba a jikin murhun ba, a ɗan ja ta gefe. Hoton da ke jikin kwalin kuwa sama ya nuna kusa da silin, saboda an yi shi ne don ƙasashen da gas ɗinsu na bututu ne mai tashi sama, wanda duk ya bi hoton nan a Ghana ya yi aikin banza. Kuma yawancin soket ɗin kicin namu a sama suke wajen tebur, toh ka ga in ka soka ta a can kai tsaye sai gas ya cika ƙasa ya taso kafin ta ji. Ni sai da aka ja min sabon soket a ƙasa. Ku sa wannan a lissafi, don kuɗin jan soket ɗin daban ne.

Ita kanta ƙararrawar fara ce 'yar ƙarama, ba ta fi tafin hannu ba, da fitila kore in komai lafiya, ja in ta ji gas. In aka soka ta tana ɗaukan 'yan mintuna tana ƙyaftawa kafin ta fara aiki. Kan fulog ɗinta mai baki biyu ne, namu soket kuma mai baki uku, sai an haɗa da adafta, kuma adaftan da suka fara ba ni sakwa-sakwa yake, yaro ya gifta ya taɓa shi sai fitilar ta mutu, na mayar suka canza min ba tare da gardama ba.

Ta taɓa yi mana aikin da aka saye ta dominsa. Ranar an ciko silinda da yamma, da asuba muna shirin sallah sai ihu ya tashi a baranda har maƙwabtan ɗakin da ke kallonmu suka fito, wallahi a tsaye ba ka jin warin komai, sai da na durƙusa kusa da silindar sannan na ji shi. Ashe 'yar robar nan baƙa da ke cikin bakin silinda ce ta tsage, regileta ya zauna amma bai kama ba. Abu ɗan mitsitsi da ba ya cin kuɗin kirki. A gidan haya irin namu mai ɗakuna a jere, wannan na hura gawayi a kurfoti, waccan na kunna risho don ɗora koko, ba sai na faɗa muku abun da zai iya biyo baya ba. Gas in ya kai kaman kashi 2 cikin 100 na iskar wuri ya isa ya kama, ita kuma ƙararrawar tun kafin a kai nan take tashi. Kuma gas ɗin da ke cikin silinda ruwa-ruwa ne, lita 1 nasa in ya fita yana komawa kusan lita 250 na gas, shi yasa ɗan yoyon da ake rainawa yake cika ɗaki.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci da ita. Da an yi laitof, wato an ɗauke wuta, shikenan, fitilar ta mutu, ƙararrawa ta mutu, ba wani sauti da zai gaya maka cewa ta daina gadi. Ku duba fa, yaushe ne mutum ke lalubar ashana da kyandir a cikin duhu, yaushe ne yara ke tuntuɓe da tiyo, yaushe ne ake girki da tocilar waya a baki ba a ganin ko an murɗe kan murhu daidai? Lokacin da babu wuta ne. Ta zama maigadin da ke tafiya gida da zarar duhu ya yi. Mu da muka ga dumsor na 2014 da 2015, inda ake kwana a wuni ba wuta, mun san wannan ba maganar in-ta-faru bace, har yanzu in hadari ya taso ko ana gyara a layi ana ɗaukewa, ga kuma firifed, kuɗin wutar da ake sa wa mita, da kan ƙare tsakar dare. Sannan in wutar ta dawo sai ta sake ɗaukan mintunan nan nata kafin ta farka, alhali dawowar wutar ita kanta haɗari ce in gas ya riga ya taru, firij na tashi, fanka da aka bari a kunne na tashi, ƙyas ɗaya ya isa. Akwai masu batir a ciki da ke ci gaba da aiki in wuta ta tafi, sun fi tsada, kuma gaskiya su ya kamata mai shagon ya fara nuna min. Da na koma na ce Alhaji me yasa ba ka gaya min ba, ya ce Hajiya mutane in sun ji kuɗin mai batir juyawa suke su tafi ba su sayi ko ɗaya ba. Na fahimce shi amma ban yarda da shi ba, a gaya wa mutum gaskiya shi ya zaɓa.

Wasu ƙananan abubuwa. Maganin sauro na fesawa yana tayar da ita, turaren fesawa ma haka, toh kar ku ce ta lalace ku zare ta ku manta. Maɓallin gwajin da ke jikinta ƙarar kawai yake gwadawa. Hancin da ke cikinta yana tsufa, galibi wajen shekara 5 ake ba su, a duba takardar. Sannan ba ta jin hayaƙin gawayi ko na janareta, wannan gubar daban ce da ba ta da wari kuma na'urarta daban, kar wani ya shigar da kurfoti ɗaki lokacin hunturu ya rufe ƙofa ya ce ai akwai ƙararrawa.

Abun da ya fi ƙararrawar amfani a wurina shi ne yaron shagon da aka turo ya haɗa mana. Ya makara sosai, ya ce safe sai bayan la'asar muka gan shi kuma wayarsa a kashe, wannan kam su gyara. Amma da ya zo ya yi aiki tsakani da Allah. Ya kaɗa ruwan omo ya shafa da soso a bakin silinda da wuyan regileta da duk tsawon tiyo har zuwa murhu, inda kumfa ke tasowa nan ne yoyo, ya ce Mma ko da wasa kar a gwada da ashana. Matan gidan suka fara kiransa ɗaya bayan ɗaya, bai ƙi ba. A ɗaki ɗaya ya tarar da dutse a kan regileta, irin dabarar nan da ta zama ruwan dare a zango in kai na huci sai a danne shi da dutse ko bulo a ci gaba da girki. Ya ɗauke dutsen ya nuna mana da kumfa cewa gas ɗin bai daina fita ba, ƙarar ce kawai ta ragu. 'Yan faya sabis da NPA, hukumar kula da harkar mai da gas, sun daɗe suna jan kunne a kan dutsen nan, amma gani da ido a barandarka daban yake da ji a rediyo. Wani tiyon kuma duk ya tsattsage ya bushe an ɗaure shi da robar taya maimakon kilif. Tiyo in ya yi shekara 2 a fara tunanin canza shi ko da ido bai ga komai ba, ɓera ma na cinsa.

Ya tara mu a tsakar gida ya maimaita mana abun yi in ta yi ihu ko an ji wari, kuma ina so in rubuta shi yadda ya faɗa don shi ne ainihin kayan. Kar a taɓa suwic ko ɗaya, wanda ke kunne a bar shi a kunne, wanda ke kashe a bar shi a kashe, don kashewar ma tana ba da ƙyas. Kar a kunna fanka wai ta kore warin. A rufe regileta a cire shi, a buɗe ƙofa da taga, a kashe duk wata wutar gawayi da ke kusa, a fitar da yara da tsofaffi, in silindar na ci gaba da huci a fito da ita fili a tsaye nesa da kwata da masu girki. Waya kuma sai an fita waje, 192 na faya sabis ko 112. In mai ne ya kama a kasko ana suyar ƙosai, a kashe murhu a rufe da murfi, ruwa a kan mai mai ci shi ke tayar da wutar har rufi. Wanda ya ƙone a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi kaman minti 20, ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba manja, sannan asibiti, in ƙunar babba ce asibitin Korle Bu na da sashen ƙuna na musamman.

Ni dai tun fashewar tashar sayar da gas a Atomic Junction ranar 7 ga Oktoba 2017 ban ƙara kallon gas da ido ɗaya ba, 'yan uwanmu na Madina Zango sun ga sama ta yi ja a daren nan, mutum 7 suka rasu sama da 100 suka jikkata, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Bayan nan ne gwamnati ta fito da maganar tsarin musayar silinda, ka kai wadda ba komai ka karɓi cikakkiya da aka duba. Amma ko an duba silinda a can, regileta da tiyo da murhu naka ne a gida, ba wanda zai zo ya duba maka in ba kai ka nema ba.

Na kuma sayi tukunyar kashe gobara a wurinsu, mai hoda, don ita ce ke yi wa gas da man fetur da wutar lantarki duka. Ku duba agogon da ke wuyanta allurar ta tsaya a kore, ku duba kwanan watan da ke jiki da fil ɗin da hatiminsa, ta farko da yaron ya ɗauko min allurarta ta faɗi sai da na nuna masa ya canza. A zare fil, a nufi gindin wutar ba harshenta ba, a matsa a riƙa sharewa hagu da dama. Kar ku zata za ta daɗe, ƙaramar cikin daƙiƙu kaɗan take ƙarewa, ta wutar da ta fara ce yanzu-yanzu, in ta kama rufi ko hayaƙi ya cika a bar ta a fita. Mun rataye ta a bakin zaure inda kowa zai kai hannu, ba a bayan silinda ba.

Bangaren lantarki kuwa ba yaron bane ya yi, mai shagon ya haɗa mu da wani mai gyaran wuta, kuma kafin na tambaya ya ciro katinsa na Energy Commission, hukumar makamashi, ya nuna wa Baba mai gida. Tun dokar haɗa waya ta 2011 ake buƙatar mai wannan aikin ya zama yana da shaida, amma mu nan duk wanda ya riƙe sukundireba sai mu ce masa zo. Da ya buɗe akwatin wutar gidan abun da ya gani ya sa ya yi shiru na ɗan lokaci. Wani fiyus an ɗaure shi da zaren waya mai kauri don ya daina tsinkewa, ma'ana in lodi ya yi yawa wayar cikin bango ce za ta yi zafi maimakon fiyus ya yanke. Babu breka mai kare mutum daga jan wuta, wadda ke faɗuwa da kanta in miliamp 30 ya zurare. Wayar ƙasa ta tsinke tun ba a san yaushe ba. Wutarmu bolt 230 ce, ba ta buƙatar dogon lokaci a jikin mutum mai jiƙaƙƙen ƙafa a bayan gida da hita a bokiti. Ya nuna mana ekstenshan ɗin wani ɗaki da bakinsa ya yi baƙi ya narke, ketil da ayan na guga da firij duk a kai, ya ce fulog ɗaya amp 13 ne iyakarsa, wajen wat 3,000, ketil kaɗai na iya cin 2,000.

Abu mafi sauƙi da ya yi kuma mafi muhimmanci, ya kama hannun kowa har 'yan mata da samarin gidan ya nuna musu men suwic, babban suwic ɗin da ke kashe wutar gidan gaba ɗaya, wanda aka jibge wa tsofaffin katifu da kwalaye a gaba. In soket na hayaƙi ko an ji ƙaurin roba, can ake fara nufa, ba a watsa ruwa. In wuta ta kama mutum ba a taɓa shi da hannu, a kashe men suwic, in ba hali a ture wayar da busasshen katako kana tsaye a busasshen wuri, a kira 112 ko 193 na motar asibiti, kuma ko ya tashi ya ce lafiya lau a kai shi a duba zuciyarsa. In laitof ya same ki kina guga ko da hita a ruwa a zare su nan take, gobara da yawa a dawowar wuta take tashi mutane sun fita. Wayar da ta faɗo daga fol lokacin ruwan Yuni kuma a yi nesa da ita da ruwan da take ciki, a tsare yara, a kira ECG, kamfanin wutar lantarki, wannan ba aikin mai gyara na unguwa bane.

Kuɗin aikinsa ya fi na waɗanda muka saba kira, har wasu 'yan haya suka yi ƙorafi da aka zo karo-karo, amma ya rubuta duk abun da ya canza ya bar mana tsofaffin mu gani. Wayar da ya sa ya kankare ta a gabanmu jan ƙarfe ne har ciki, don akwai wata a kasuwa da aka shafa mata ja a sama cikinta fari, tana da arha tana kuma zafi. Shagon na sayar da iri biyun duka, wannan ma ban ji daɗinsa ba, in ba ka tambaya ba ba za a bambance maka ba.

Farashi ban rubuta ba don kayan nan dala suke bi, na wannan watan ba shi ne na wata mai zuwa ba, a yi ciniki kawai, suna ragewa in ka haɗa kaya da yawa, suna karɓan MoMo, wato kuɗi ta waya. Rasit sai ka nace ake ba ka, ku nace, shi ya taimake ni wajen canza adafta. Takardar bayanin Turanci ce da Sinanci da ƙananan rubutu, iyayenmu da su ne ke wuni a gida da silinda ba za su amfana da ita ba sai an zauna an fassara musu, ni na zauna da Mma na yi mata, har muka gwada ƙarar tare don kar ta firgita ranar da ta ji.

Yaron ya ba mu wata shawara da muka bi, muka rubuta 192 da 112 da adireshin GhanaPost GPS na gidan da fenti a bangon zaure, saboda lungunanmu motar kashe gobara ba ta shiga, mai kira kuma in ya ruɗe kwatance gagararsa yake, sai a tura yaro ɗaya bakin titi ya tare su. Mai batir ɗin kuwa na riga na ba da rabin kuɗi, Alhaji ya ce kayan na hanya daga Tema, in ta zo ita za ta koma baranda kusa da silinda, wannan ta soket ɗin kuma sai in bai wa ƙanwata da ke Fadama tunda ita ba ta da ko ɗaya, da sharaɗin duk daren da aka ɗauke wuta ta rufe regileta kafin ta kwanta.